Takardun Motar Baba Saleh

A kwana na uku da saukata Jidda, wani ɗan Masar mai kula da ma'aikata ya karɓi permi ɗina, lasisin tuƙin da na yi shekara goma sha huɗu ina aiki da shi tsakanin Kwatano da Maraɗi. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini, ya faɗi wata magana da Larabci. 'Yan ofishin suka kwashe da dariya. Wani ɗan Chadi da ke tsaye a bakin ƙofa ne ya fassara mini.

"Ya ce ka adana ka nuna wa jikokinka. A nan ba ya aiki."

Direban babbar mota aka ce mini ana nema, shi ya sa na taso. Amma da iƙamata ta fito, wato katin zaman ƙasa, sai na tarar lebura aka rubuta a gurbin sana'a. A can kuwa abin da ke rubuce a iƙamarka shi ne kai. Ko da sitiyari aka haife ka a hannu, in katin ya ce lebura, to dako za ka yi.

Dako na yi. Kamfanin da ya ɗauko ni yana da wani ƙaton sito a kudancin gari, mu kuma an ba mu ɗaki a unguwar Madain Fahd, mu shida. Tun da safe muke loda katan-katan na man girki da sabulu a cikin manyan motoci. Nauyin kayan bai dame ni ba kamar kallon direbobin. Sai in ga yaro ya zo zai ja da baya ya shiga bakin sito, ya yi sau biyar yana gyarawa, ni kuwa ina tsaye da katan a kafaɗa, ƙafata ta hagu tana taka kulocin da babu shi.

Duk Juma'a nakan kira matata Hadiza. Ran farko ta tambaye ni, "Wace irin mota suka ba ka?"

Na ce, "Babba ce."

Daga nan ƙaryar ta zauna. In ta ce ina na je wannan makon, sai in kama sunan garin da na ji direbobi suna ambata in faɗa mata. Na je Madina, na je Ta'if, na je Yanbu, duk a bakin sito.

Wata na biyar wani abokin ɗakinmu ya ce akwai mutumin da ke gyara irin wannan matsala a unguwar Bagdadiyya. Masu bin takardu a ofisoshi suna da yawa a can, wasu na gaskiya ne, wasu kuma Allah ya kiyaye. Na same shi a wani shagon shayi, dattijo fari tas da shi, da carbi a hannu, ana ce masa Alhaji Ila. Hausarsa irin ta gida ce. Ya tambayi unguwarmu a Maraɗi, ya ambaci sunan masallacin da ke kusa da gidanmu, har da mai tsiren da ke bakin kwana. Rabona da in ji wani ya ambaci waɗannan wurare tun a filin jirgi. Zuciyata ta kwanta da shi nan take. Ya karɓi permi ɗina da hotuna biyu da ladan aikinsa, ya ce in dawo bayan mako uku.

Da na koma ya ba ni kati mai sheƙi, da hotona, da rubutun Larabci. Ya ce wannan ita ce ruksa, lasisin ƙasar, permin kuma ofis ya riƙe, haka doka take. Na sa katin a aljihun ƙirji. A ranar sai da na taɓa aljihun ya fi sau ashirin.

A makon ne na haɗu da Baba Saleh.

Yakan zo sitonmu ɗaukar kaya da wata tsohuwar mota koriya, wadda ko ƙura ba ka gani a jikinta. Baƙin dattijo ne siriri, da jallabiya da ɗan rawani, kowa na ce masa Am Saleh, yadda suke kiran babba a can. Na ɗauka ɗan Sudan ne. Rannan ya bar injin yana aiki muna lodi, sai na ji wani ɗan fito yana tashi daga gaba. Na ce a bakina, ba da kowa nake ba, "Wannan fambel ɗin ba zai kai Madina ba."

Sai na ji an ce a bayana, "To ina zai kai?"

Saura kaɗan katan ɗin ya faɗi. Da Hausa ya yi maganar, Hausa mai nauyi, a hankali, irin ta tsofaffin ƙauye, sai dai Larabci na faɗowa a ciki. Ya ce kakansa daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa zuwa aikin Hajji, bai koma ba. Shi a Jidda aka haife shi, ɗan ƙasa ne, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. A bakin kakarsa ya koyi harshen.

Muka buɗe gaban motar, na nuna masa inda fambel ɗin ya tsage. Ya shafa da yatsa ya ce, "Kai direba ne. Me kake yi da katan?"

Na ba shi labari, na ƙare da fito da katina ina murmushi. Ya kai shi daf da fuskarsa, ya juya, ya murza da babban yatsa. Sannan ya kira 'yarsa Nawal a waya, wadda ke aiki a wani kantin magani, ya sa na karanto mata lambar iƙamata. Muka jira tana duba sunana a shafin hukuma. Da ta yi magana sai ya kashe wayar, ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗauko filaya, ya datse katin gida biyu a gabana.

"Baba! Me kuka yi?"

"Babu sunanka a ko'ina, ya waladi, ɗana. Wannan roba ce kawai. Da an kama ka da ita a kan hanya, kurkuku ne, daga nan sai jirgi."

Na zauna a kan katan. Abin da na fara tunawa shi ne permina, wanda na samu tun ina saurayi, wanda mahaifina ya riƙe da hannunsa ya yi mini addu'a. Da yamma na koma Bagdadiyya. Mai shayi ya ce rabonsa da Alhaji Ila kwana huɗu, kuma ni ne na uku da na zo nemansa.

Zuwan Baba Saleh na gaba, ya kira ni cikin motarsa lokacin hutun azahar. Ya jawo wata jakar fata daga bayan kujera, ya shimfiɗa abin da ke ciki a kan cinyarsa ɗaya bayan ɗaya. Ga takardar rajistar mota, wadda suke kira istimara. Ga inshora. Ga shaidar binciken lafiyar mota na shekara-shekara. Ga ruksarsa ta manyan motoci. Ga kuma katin aiki, wanda shi ke ba motar izinin dakon kayan mutane daga lardi zuwa lardi.

"Mota ɗaya, mutum ɗaya, takarda biyar," in ji shi. "In ɗaya ta mutu, sauran huɗun ba su da amfani. Da, da ƙafata nake bin su ofis-ofis. Yanzu duk sun shige cikin waya, sai Nawal. Kai ma haka za ka bi, ɗaya bayan ɗaya. Babu gajeriyar hanya, halas, shi ke nan."

Shi ya je ya sami manajan kamfaninmu, wanda suka daɗe da sanin juna, ya roƙe shi a sauya mini sana'a a iƙama daga lebura zuwa direba. Wannan kaɗai ya ci wata biyu. Sannan aka gwada idona da jinina, aka tura ni makarantar tuƙi. Na zauna a aji da yaran da na girme su da shekara ashirin, wani malami yana nuna mini yadda ake riƙe sitiyari. Na riƙe yadda ya ce.

Jarrabawar na'ura ce ta kayar da ni. Na yi karatun allo, ina iya haɗa baƙaƙen Larabci, amma ma'anar ba ta zuwa, kuma babu Hausa a cikin harsunan da na'urar ke yi. Da Baba ya ji na faɗi, sai ya sa Nawal ta riƙa turo mini bayani da murya a waya. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta yi ta laluben kalma. "Malam Isuhu, wannan alama, yaani, kada ka... kada ka wuce motar gabanka. Mamnu'. Ka gane?" Ina loda sabulu ina saurare. Karo na biyu na ci. Ranar gwajin ja da baya kuwa, sau ɗaya na shigar da motar tsakanin durom-durom ɗin, mai gwajin ya leƙo ta taga ya dube ni, ya ce, "A ina ka koya?" Na ce masa a tashar jiragen ruwan Kwatano. Bai san inda take ba, amma ya sa hannu.

Na kai wa manaja ruksata ta gaskiya. Ya ce madalla, in ci gaba da dako har mota ta samu.

Ina cikin wannan jira Baba Saleh ya ce yana da kaya zuwa Jizan, can kudu, zai dawo da mangwaro. Ina da kwanakin hutu da ban ci ba. "Zo ka raka ni ka ga hanya," in ji shi. "Zama kawai za ka yi."

Mun bar Jidda da sassafe, teku na hannun damanmu. Tun kafin mu kai Lis na fara lura da wasu abubuwa. Ba ya duban madubi da wutsiyar ido yadda direba ke yi, sai ya juya kansa gaba ɗaya. In mun doshi mahaɗa sai ya ce, "Me ke gefenka, Isuhu?" kamar hira. Na ce a raina tsufa ne.

Bayan mun wuce Ƙunfuza ƙasa ta fara sauyawa. Sai ga gonakin dawa, ga gero, ga awaki, ga bukkoki masu tsinin kai jefi-jefi. Ban san lokacin da na ce masa ya tsaya ba. Na sauka na tsallaka kwalbati, na kama kan dawa guda na murza a tafin hannuna, na shinshina. Fiye da shekara rabona da wannan ƙamshi. Na tuna gonar mahaifina a bakin gulbi, da Hadiza tana kawo mana fura da hantsi.

Baba ya sauko ya tsaya kusa da ni. "Haka garinku yake?"

"Haka yake, Baba. Sak."

Ya daɗe yana juya kai daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali. Ya ce, "Shekara talatin ina wuce nan. Kakata tana ba ni labarin Gobir, ashe ina ratsa ta kowane wata ban sani ba."

Washegari aka loda mana mangwaro a akwatuna, muka juyo da hantsi. Wajen azahar, rana ta take, hanya shiru, sai ga wata 'yar a-kori-kura ta fito daga wata ƙaramar hanya ta hannun dama, mutum da matarsa a gaba, awaki a baya. Tun daga nesa na gan ta. Na jira Baba ya sassauta. Bai sassauta ba. Ƙafarsa ko motsi ba ta yi ba.

"Baba, birki! Birki!"

Na kai hannu na fizgi sitiyarin zuwa hagu, shi kuma ya danna birki. Motar ta yi kuka, ta karkata, na ji akwatuna suna rugujewa a baya. Muka wuce 'yar motar da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Na ga fuskar matar, bakinta a buɗe. Suka tsaya can gaba, mutumin ya ɗaga hannuwa sama yana faɗa, sannan ya ja motarsa ya tafi.

Baba ya gangara gefen hanya ya kashe inji.

"Ban gan shi ba," ya ce. "Wallahi ban gan shi ba."

"Tun yaushe, Baba?"

Ya dunƙule hannunsa kamar bututu ya ɗora a ido. "Haka nake ganin duniya. Abin da ke gabana ina gani, na gefe babu. Tun kafin ka zo ƙasar nan likita ya gaya mini, ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ruksata saura wata bakwai ta mutu, in na je sabuntawa za su gwada idon. Na ce bari in ƙarasa watannin nan. Nawal ba ta sani ba."

Na san abin da doka ta ce, shi da kansa ya koya mini. Ba ni da takardar izinin tuƙa wannan mota, kuma kafilina, wato wanda iƙamata ke ƙarƙashinsa, kamfanin sito ne, ba Baba Saleh ba. Amma ga tafiyar yini guda a gabanmu, ga hanya cike da 'ya'yan mutane. Na ce, "Ku matso nan, Baba." Bai yi gardama ba.

Ba zan ɓoye ba, da na saka giya motar ta ɗauka, wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Wata goma sha huɗu ke nan rabona da tuƙi a kan babbar hanya. Daɗin bai kai awa ɗaya ba sai ga shingen bincike a gabanmu, wajen fita daga lardin. Babu wurin tsayawa mu sauya, sun riga sun hango mu.

Jami'in saurayi ne, mai ladabi. Na miƙa masa jakar fatar da ruksata da iƙamata. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, yana latsa wata na'ura a hannunsa. Larabcina ya ɗan yi ƙwari a lokacin, na gane yawancin abin da ya ce.

"Takardun mota lafiya lau. Amma wannan katin aiki na mai mota ne da ke tuƙa abarsa da kansa. Kai wa ya ba ka izini? Kuma kafilinka wani ne daban. Sauko."

Na sauko. A gefen shingen akwai wata mota mai ragar ƙarfe a tagogi, da mutane uku zaune a ciki sun sunkuyar da kai. Kowane baƙo a ƙasar ya san hukuncin wanda aka kama yana yi wa wanin kafilinsa aiki. Na tsaya a rana ina kallon motar nan, ina tunanin yadda zan sauka a Maraɗi da rigar jikina, in ce wa Hadiza me.

Jami'in ya zagaya wajen Baba ya ce, "Ya ammi, kai takardunka sun cika. Koma kan sitiyarinka ka tafi da kayanka kada su lalace. Wannan zai zauna da mu."

Ga hanya a buɗe an ba shi. Ruksarsa na da rai, babu wanda ya san komai sai ni, ni kuwa ba zan faɗa ba. Na ga ya dubi sitiyarin. Sannan ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali, ya zaro ruksarsa daga jakar, ya miƙa wa jami'in da hannu biyu.

"Ba zan iya ba, ɗana. Ba na gani."

Jami'in ya ce bai gane ba. Baba ya ce masa ya tsaya a gefensa ya ɗaga yatsu. Ya ɗaga uku, daf da kunnen Baba. Baba yana kallon gaba ya ce, "Ban san ko ka ɗaga ba ma." Sannan ya faɗi komai, da likitan, da a-kori-kurar, da matar da ke ciki. Ya ce, "Wannan mutum ba aiki yake yi mini ba, ban ɗauke shi ba, ban biya shi ba. Rakiya ya yi mini. Da bai karɓi motar nan ba, da yau na kashe mutane. In akwai laifi nawa ne, ku rubuta a kaina."

Aka kira babbansu. Suka shiga da Baba cikin ofis, ni ina waje, har la'asar ta yi. Wani soja ya miƙo mini ruwan sanyi. Da suka fito, babban ya riƙe iƙamata ya dube ni tsawon lokaci. Ya ce an rubuta wa motar tara, ba za ta motsa daga nan ba sai da direba mai izini, ruksar Baba kuma an dakatar da ita sai likita ya gani. Sannan ya miƙo mini katina. "Kai kuma, kada in sake ganinka a kan motar da babu sunanka a takardarta."

Muka zauna a inuwar motar, ƙamshin mangwaron da ya fashe ya cika wurin. Baba ya kira Nawal. Da na ji ya fara cewa, "Ya binti, 'yata, zauna, akwai maganar da zan gaya miki," sai na tashi na ba shi wuri. Daga nesa ina jin muryarta tana tashi a wayar, sannan ta koma kuka.

Da na dawo ya ce, "Isuhu, akwai abin da ban gaya maka ba. Duk wahalar da na yi a kan ruksarka, ba don Allah kaɗai na yi ba. Ido nake nema. Na ce in na sami direba a gefena zan lallaɓa. Na jefa ka cikin abin da ya fi na Alhaji Ila."

Na ce, "Baba, Alhaji Ila da ya ga rana ta yi zafi gudu ya yi. Ku an ce ku tafi, kun sauko."

Ya ɗauki mangwaro guda da ya gangaro, ya goge da jallabiyarsa, ya ba ni.

A wurin na kira Hadiza, ko da yake ba Juma'a ba ce. Na gaya mata gaskiya tun daga farko, cewa ban je Madina ba, ban je Ta'if ba, katan nake ɗauka. Ta ce, "Na sani, Malam. Shekara nawa kana kirana daga hanya? Ko sau ɗaya ban ji ƙarar inji a bayan muryarka ba tunda ka tafi. Na bar ka ne har ka faɗa da kanka."

Washegari wata mota ta zo ta kwashe abin da ya rage na mangwaron, wajen rabi zafi ya gama da shi. Wani ɗan'uwansu Baba ya zo da izini na kwana ɗaya ya mayar da motar Jidda babu kaya. Aka ajiye ta a wani fili a Madain Fahd, aka lulluɓe gabanta da tamfol.

Nawal ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata. Dangi suka ce a sayar da motar. Baba ya daina fita, sai masallaci. Rannan da yamma sai ga kiranta.

"Malam Isuhu, na yi fushi da kai, da Abuya, yaani Baba, duka. Halas, ya wuce. Yanzu ka ji. In mota ta Abuya ce shi kaɗai, dole shi zai tuƙa. Amma in ta... yaani, in ta mu'assasa ce, ƙaramin kamfani, ana iya ɗaukar direba. Zan buɗe da sunana. Za ka jira?"

Na ce zan jira.

Jiran ya kai wata tara. Sai da ta yi rajistar kasuwanci, sannan ta nemi izinin dakon kaya, aka ce sai ta nuna wurin ajiye mota, ta nemo. Aka ce sai an saka wa motar na'urar da ke nuna inda take. Aka kai ta bincike ta faɗi saboda hayaƙi, na yi Juma'a uku a ƙarƙashinta kafin ta ci. Aka mayar da istimara zuwa sunan kamfanin, aka sake inshora, aka fitar da sabon katin aiki, tare da gargaɗin cewa motar ta kusa cika shekarun da doka ta yarda ta yi aiki, 'yan shekaru kaɗan suka rage mata. Ni kuma manajanmu ya ce ba zai sake ni ba sai kwantiragina ya ƙare. Na ci gaba da ɗaukar sabulu ina ƙirga Juma'o'i. Duk takardar da ta fito, Nawal takan karanta wa Baba, shi kuma ya ce a ba shi ya riƙe, ko da a waya take.

Ranar da iƙamata ta koma ƙarƙashin kamfanin Nawal, izinin tuƙi ya fito da sunana, an riga an samo mana kaya zuwa Tabuk, za a yi lodi washegari. Da la'asar Baba ya aiko in zo da motar. Ya hau gefena ya ce mu yi arewa. Nawal na bin mu a ƙaramar motarta. Muka wuce Abhur da gidajen shaƙatawarta na bakin teku, muka saki kwalta, har muka kai wani fili fetal mai farar ƙasa, babu gida, babu itace, babu ko akuya, iyakar ganinka.

Baba ya ce, "Tsaya nan. Sauka."

Na dubi Nawal. Ta fito daga motarta ta harɗe hannuwa, ta gyaɗa mini kai.

Ya zagayo yana dafa jikin motar, ya hau, ya ja ƙofa. Muna tsaye ni da ita ya tayar da inji. Ya ɗauke ta a hankali, na ji ya saka ta biyu, ta uku, ta huɗu, ko sau ɗaya giyar ba ta yi ƙara ba. Ya yi nisa har motar ta koma kamar akwatin ashana, ya yi wani babban zagaye, farar ƙura na bin sa, ya sake yin wani. A na ukun ya danna ham, dogo, har sai da tsuntsayen teku suka tashi. Nawal ta rufe bakinta da gefen mayafinta.

Ya dawo ya tsaya daidai gabanmu, ya kashe. Ya ɗan jima a ciki. Sannan ya sauko da dardumarsa a hammata da butarsa a hannu, ya ba Nawal, ya ce mini, "Hau."

Na hau na zauna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kai tsaye.

"Ka ja kujerar nan baya. Ƙafarka ta fi tawa tsawo. Tun ɗazu gwiwarka ke dukan sitiyari, kana jin kunyar taɓa ta."

Na laluba ƙarƙashi na ja ƙarfen. Kujerar ta ƙi motsi, shekara da shekaru ba a taɓa gusar da ita ba. Na sake ja, shiru. Sai Baba ya tako matakala, ya sa kafaɗarsa a jikin kujerar, ya ce, "Yalla, tare." Na ja, ya tura, ta yi wata ƙara ta tsatsa, ta tafi baya.